Ƙarar sunuka daga Fagge har Pampanga

Daren farko da na kwana a Manila barci ƙememe ya ƙi zuwa. Agogonsu ya riga namu da awa bakwai, idona kuwa yana nan a kan lokacin Kano, sai juyi nake a kan gado a wani ƙaramin masauki na unguwar Quiapo, fanka tana kaɗo iska mai ɗumi kamar tururin tukunya. Can wajen sha biyun dare na ji wata ƙara daga ƙasan benen da ke kallonmu. Ƙas! Sai ruguguwar ƙwallaye, sai ɗaya ta faɗa rami da wannan ɗan sauti mai nauyi, sai ihun maza. Ban san lokacin da na tashi zaune ba. Shekara ashirin da wani abu rabona da riƙe sanda, amma ko cikin barci na ji wannan ƙarar na san an fasa ƙwallayen sunuka, na kuma san wanda ya fasa ɗin ba ɗan koyo ba ne.

Abin da ya kai ni ƙasar Filifin daban ne. Ɗan marigayi yayana ya kammala karatun jinya a lardin Pampanga, mahaifiyarsa ba ta da lafiyar doguwar tafiya, dangi suka ce ni ne uba yanzu, ni zan je in tsaya masa ranar bikin. Na tashi ta Abuja, muka yada zango a Doha, daga can kuma muka yi kusan awa tara a sama kafin mu sauka. Yaron ya zo ya tare ni, ya ce, "Baffa, Quiapo zan kai ka, a can za ka ci abinci hankali kwance, ga masallaci kusa." Na ce to. Abin da ban gaya masa ba, ban kuma gaya wa kowa a gida ba, shi ne tun ranar da aka ambaci Pampanga wani tsohon abu ya motsa a raina, don na san lardin su Efren Reyes ne, shahararren gwanin wasan sunuka na duniya.

A farkon shekarun 1990 akwai wata rumfar kwano a bayan layinmu a Fagge. Tebur ɗaya ne a ciki, kyallensa ya koɗe, an yi masa faci kusa da ramin tsakiya, ƙafa ɗaya kuma an tokare ta da guntun katako. Mu duk sunuka muke cewa, ko da yake daga baya na gane abin da muke bugawa ba sunukar Ingila ba ce mai jajayen ƙwallaye 15, 'yar'uwarta ce ta Amurka mai ƙwallaye masu lamba. Gwanin wurin wani tela ne bahago, siriri, marar yawan magana. Sai ya rufe shago bayan isha'i yake zuwa, wani lokaci da tef ɗin awo a rataye a wuya. Ba ya dukan ƙwallo da ƙarfi. Turawa yake yi kamar mai zura zare a allura, farar ta je ta yi aikinta, ta dawo ta tsaya daidai inda yake son ta. Idan Sallah ta matso, wasu masu tebura na unguwannin kusa sukan haɗa gasa a tsakaninsu: kowane tebur ya kawo gwaninsa, su masu teburan su haɗa kuɗi su sayi rediyo ko agogon bango a ba wanda ya ci. Babu takarda, babu alƙali sai wani dattijo da kowa ya yarda da gaskiyarsa. A kan idona tela ya ci sau uku a jere. Rediyo ɗaya yana nan a shagonsa har ya bar duniya.

Tare da shi na fara ganin Reyes. Wani ne ya zo da kaset ɗin bidiyo daga Legas, na gasar duniya da aka yi a Cardiff ta yankin Wales a 1999. Muka cika ɗaki muna kallon wani mutum marar haƙora yana murmushi yana sosa ƙeya, yana sa ƙwallo ta yi abin da ba mu taɓa zaton za ta yarda ta yi ba. A wasan ƙarshe ya doke Chang Hao-ping na Taiwan da ci 17 da 8. Tela yana kusa da ni a kan benci, bai ce uffan ba har kaset ya ƙare. Sannan ya ce, "Wannan tun kafin ya sunkuya ya gama wasan a kansa." Ya miƙe ya tafi gida.

Da asuba muka yi sallah a Masallacin Zinare, wanda aka gina a 1976 ana sa ran zuwan Gaddafi, shi kuma bai zo ba. Kewayensa 'yan kasuwa ne Musulmi daga tsibirin Mindanao, da yawansu Maranao. A wata rumfa muka karya da shinkafa ƙulle a ganyen ayaba, an zuba mata kazar da aka yayyaga kamar dambun nama, da wani haɗin yaji nasu da suke kira palapa, mai citta da barkono, wanda ya sa na yi gumi tun rana ba ta ɗaga ba. Da muka gama na ce wa yaron ya kai ni titin Avenida. Ya dube ni ya ce, "Baffa, babu komai a can sai tsofaffin gine-gine." Na ce su nake son gani.

Tafiyar ƙafa ce kaɗan. Avenida, wato titin Rizal, a da shi ne cibiyar sinima da shagunan Manila. A shekarun 1980 aka ɗora masa gadar jirgin ƙasa a kai, ta rufe masa rana, yanzu duhu-duhu ne da hayaƙin motoci da 'yan tireda a bakin hanya. A wannan titin gidan sunukar nan Lucky 13 yake, na kawun Reyes. An haifi Reyes ranar 26 ga Agusta 1954, yana da shekara biyar aka kawo shi Manila wurin kawun. Shi ne ɗan aike, shi ne mai shara, shi ne mai jera ƙwallaye, dare ya yi ya hau tebur ya kwanta a kai. Tsayinsa bai kai ba, sai ya tara akwatunan kwalaben lemo ya taka ya buga. Akwai wani babban ɗan wasa mai suna Efren a lokacin, don a bambanta su aka riƙa ce wa ƙaramin Bata, wato yaro, sunan kuma ya bi shi har furfura. Duk wanda ya san yadda yaron gareji yake zama bakanike a Ƙofar Ruwa, daga miƙa sifana har ya iya gane ciwon inji da kunne, ya san irin makarantar da wannan mutumin ya yi. Na tambayi wani mai sayar da taba da wani tsohon maigadi, kowa ya san sunan, kowa kuma gini daban ya nuna mini. Na tsaya a ƙarƙashin gadar, jirgi ya wuce ta samanmu ƙasa tana girgiza, sannan muka juya.

Motar Pampanga a Cubao za mu hau, kuma tashar ba ta da nisa da babban zauren Araneta. Duk Bahaushen da ya tashi da rediyo ya san abin da aka yi a nan ranar 1 ga Oktoba 1975, ranar da Muhammad Ali da Joe Frazier suka yi zagaye 14 kamar za su kashe juna. Har yanzu akwai katafaren kanti a gefen zauren mai sunan Ali. To a cikin wannan zauren aka kafa teburan sunuka a 2007 don gasar duniya, ɗan gida Roberto Gomez ya kai wasan ƙarshe, Daryl Peach na Ingila ya ƙwace da ci 17 da 15. Shekarar da ta gabace ta kuwa, a Pasay, Ronnie Alcano ya riƙe kofin a gida bayan ya doke Ralf Souquet na Jamus 17 da 11. Ina tsaye ina kallon rufin zauren, ina tuna rumfarmu da ƙafar teburin da aka tokare da katako.

Daga Manila zuwa Angeles kamar kilomita 80 ne. Da muka fita daga cunkoson birni sai gonakin shinkafa kore shar, ruwa kwance a cikinsu, can dama kuma dutsen Arayat tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Muka sauka a tashar Dau, muka shiga wani babur mai akwati a gefe, ɗan'uwan a-daidaita-sahu amma sai ka naɗe gwiwa har haɓa. Garin Angeles a jikin tsohon sansanin sojan saman Amurka na Clark ya girma. Sojojin suna nan har 1991, shekarar da dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a watan Yuni ya binne yankin da toka, kafin ƙarshen shekara suka tattara suka tafi. Kafin nan an yi shekaru ga soja da dala a aljihu, ga tebura a kowane lungu, ga yaran gari masu yunwa da kaifin ido. Reyes yana cikin waɗanda suka yi wasa da sojojin nan tun yana saurayi. Sunan wasan a bakinsu, bilyar, daga Sifaniyanci ya zo, gidan wasan kuma bilyaran.

An yi biki lafiya, yaro ya karɓi takardarsa, na yi hawayen da uban zai yi da yana raye. Washegari da la'asar na ce masa ya nemo mini bilyaran irin na unguwa, ban son mai na'urar sanyaya ɗaki. Sai a lokacin ya gane ba wasa nake ba. Ya kai ni bayan wani ƙaramin shagon tireda, rumfar kwano ce buɗe ta gefe biyu, tebura uku, fitila doguwa a saman kowanne. Muna shiga ruwa ya kece, ƙarar kwanon ta sa sai an ɗaga murya. Wani dattijo yana zaune kusa da allon rubuta ci, da singileti da ƙaramin tawul a kafaɗa, tsohon direban jifni ne, irin dogayen motocin hayarsu masu ado. Duk yaron da ya shigo sai ya kama hannunsa ya ɗora a goshi, kamar yadda namu suke durƙusawa. Ɗana ya gaishe shi da Tatay, wato Baba, ya ce masa baffansa ne daga Najeriya, tsohon ɗan wasa. Dattijon ya ja mini kujera.

Wasan da suke yi ya bambanta da namu. Ƙwallaye 15 ake jerawa, dole farar ta fara taɓa mafi ƙanƙantar lamba da ta rage a tebur, kowace ƙwallo ta faɗa kuma lambarta ce makinta. In ka haɗa 1 zuwa 15 za ka samu 120, saboda haka wanda ya fara kai 61 ya ci. Kana iya zuba ƙwallaye goma na farko gaba ɗaya, maki 55 ke nan, abokin wasanka ya kwashe biyar ɗin ƙarshe ya tashi da 65. Da na zauna na kalli wasa biyu sai na ga inda gwanintar mutanen nan ta samo tushe. Tebur cike yake da ƙwallaye, wadda ake nema kusan kullum tana ɓoye a bayan wasu, hanya miƙaƙƙiya ba ta samuwa. Dole yaro ya koyi aika farar ta bugi gefe ɗaya ko biyu ko uku kafin ta isa. Ga damshin iska da ke sa kyalle nauyi, ga tsofaffin tebura kowanne da halinsa. Wanda ya tashi a haka, ranar da aka kai shi Amurka aka ba shi ƙwallaye tara kacal a kan sabon kyalle, ai an sauke masa kaya ne.

Akwai wani yaro a teburin tsakiya, bai fi shekara 14 ba, da silifas, sandar ta kusa kai tsayinsa. Ya barbaɗa hoda a tsakanin babban yatsa da manuni, ya goga alli a bakin sanda ba tare da ya kalle ta ba. Lamba 3 ake nema, tana maƙale a bayan 11 da 14 kusa da ramin kusurwa. Ya zagaya teburin sau ɗaya, ya ɗora sandar a kan kyalle yana auna wani layi da shi kaɗai yake gani, sannan ya sunkuya ya juya wa ƙwallon baya. Ya bugi farar a gefenta na hagu, a hankali. Ta tafi ta sumbaci gefen can, ta karkato ta taɓa na kusa, ta lallaɓo ta bayan 14 ta shafi lamba 3, ita kuma ta gangara kamar ba ta so, ta tsaya a bakin rami, ta faɗa. 'Yan kallo suka yi ihu suna cewa tsamba, wato sa'a ce. Yaron ya sosa ƙeya yana murmushi. Dattijon ya sunkuyo ya ce mini har sosa ƙeyar ma ta Bata ce, don shi ma duk abin mamakin da ya yi, in an tambaye shi sai ya ce sa'a ya yi.

Daga nan bakinsa ya buɗe, rabi da Turancinsa, rabi ɗana yana fassara. Ya ce a shekarun 1970 da 1980 kowace unguwa da gwaninta, kuma gwani ba ya zama gwani sai ya yi abin da suke kira dayo, wato ya bar teburin da ya saba ya je garin wasu ya buga a nasu, a gaban mutanensu. Shi da jifni ɗinsa ya sha kwasar 'yan wasa da magoya bayansu zuwa Tarlac da Bulacan da Manila, a tafi da yamma a dawo rana ta fito. Lokacin bikin shekara na unguwa kuma a yi gasa, a kafa allo, a rubuta sunaye da alli. Idan wani ya fi ƙarfin kowa, sai ya ba da partida, wato rangwamen maki, in ba haka ba babu mai karawa da shi. Ya ce cinikin partida kaɗai yakan ci awa guda, har ya fi wasan zafi. Ya riƙa ƙirga sunaye da yatsu. Jose Parica, da suke kira Amang, wanda ya girmi Reyes da shekara biyar, shi ne sarki kafin shi, shi ne kuma ya fara buɗe wa 'yan ƙasar ƙofar Amurka. Rodolfo Luat, da aka yi wa laƙabi da Samson saboda ƙarfin fasawarsa. Leonardo Andam. Wani tsoho da ke gefe ya tsoma baki ya ce a zamanin ƙarfinsa Parica ya fi Bata. Nan take gardama ta kaure, har masu wasa suka dakata. Na ji kamar ina Fagge ana musun wa ya fi tsakanin tela da wani gwanin Sabon Gari.

Labarin 1985 kuwa da dariya ya ba da shi. A shekarar Reyes ya shiga wata gasa a Houston ta jihar Texas da sunan aro, Cesar Morales, ya kuma cinye ta, Amurkawa suna tambayar daga ina wannan ya ɓullo. A 1994 ya ci babbar gasar Amurka ta ƙwallo tara, shi ne na farko da ba Ba'amurke ba da ya ci ta. A 1996 a Hong Kong suka yi kwana uku suna fafatawa da gwanin Amurka Earl Strickland a kan dala 100,000, wanda ya fara cin wasa 120. Reyes yana baya da nisa a rana ta ƙarshe, ya biyo ya kamo, aka tashi 120 da 117.

Da ya zo kan bugun nan na birnin Reno na 1995 sai ya miƙe, ya ce baki ba zai iya ba. Ya kori yaran daga teburin farko, ya jera ƙwallaye da hannunsa yadda suke a ranar: wasan ƙarshe da Strickland ɗin dai, kowa saura masa ci ɗaya, lamba 5 ake nema, farar kuma a toshe. Ya nuna da yatsa yadda ta bugi gefe, ta tsallaka ta bugi ɗaya gefen, ta zana harafin Z a kan tebur, ta je ta tura 5 cikin rami, har Strickland da kansa ya taso ya ɗaga hannun Reyes. Dattijon ya gwada sau uku bai samu ba. Yaron mai silifas ya gwada, ya taɓa ƙwallon amma ba ta faɗa ba. Aka ce mini babu wanda ya taɓa riƙe sanda a rumfar nan da bai gwada wannan bugun ba, har waɗanda ba a haifa ba a 1995.

Muryarsa ta sauka da ya zo kan Francisco Bustamante, ɗan Tarlac, da suke kira Django. A 2002 yana tsakiyar gasar duniya a Cardiff aka bugo masa waya cewa jaririyar 'yarsa ta rasu. Ya yi niyyar barin gasar, aka ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba, ya kai har wasan ƙarshe, Strickland ya doke shi 17 da 15. Sai bayan shekara takwas, a 2010, ya ɗauki kofin duniya a Doha, garin da na zauna jiran jirgi kwana kaɗan da suka wuce ban ko tuna ba. A tsakani, shi da Reyes sun ci kofin duniya na 'yan bibbiyu sau biyu, a 2006 da 2009. Dattijon ya goge fuska da tawul. Na ga a wurinsa labarin rashin ya fi na kofin nauyi, ni ma haka na ji, don na binne ɗa.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Tun da muka zauna nake ganin takardun kuɗi suna wucewa daga hannu zuwa hannu a cikin 'yan kallo. Yawancin labaran dattijon nan, in ka tona ƙarƙashinsu, caca ce. Na faɗa masa haka, na ce a addinina haramun ce, kuma ita ta raba ni da wasan. A rumfarmu da aka fara sa kuɗi, tela ya daina zuwa, bai yi wa kowa wa'azi ba, ƙafa kawai ya ɗauke. Ni ban bi shi ba. Wata rana na zubar da kuɗin kayan maigidana a dare ɗaya, mahaifina ya sayar da akuyoyinsa ya biya, bai zage ni ba, kallon da ya yi mini ne har yau ban manta ba. Ba a jima ba aka fasa wa wani kai da sanda a kan bashin caca, aka zo aka ɗauke teburin, rumfar ta zama wurin ajiye gawayi. Dattijon bai yi mini musu ba. Ya ce a duk gwani ɗaya da duniya ta san sunansa, ya san goma da hannunsu bai gaza nasa ba, suka ƙare babu gida babu iyali. Na yarda kuɗin ya wasa mutanen nan, ya koya musu tsayawa da hannu ba rawa alhali abincin gida yana kan tebur. Amma na ga tela ya kai inda ya kai a kan rediyo da agogon bango, saboda haka ba wanda zai gamsar da ni cewa wasan ba ya tsayuwa sai da caca.

Ya ce a Angeles Bata yake zaune, in ina so a nemi wanda zai kai ni. Na yi godiya na ce a'a. Mutum ya haura saba'in, ya ba duniya abin da zai ba ta, ban ga dalilin da baƙo zai je ya buga masa ƙofa don hoto ba. Sai ya miƙo mini sandarsa, ya ce to mu buga ɗaya. Na ce da sharaɗi: ba kuɗi, kuma ni zan biya teburin ko na ci ko ban ci ba. Ya yi dariya ya ce ya yarda.

Sandar ta yi santsi saboda shekaru, gindinta an naɗe shi da zare. Da na sunkuya bayana ya yi ƙara, idona kuma sai da na cire tabarau na mayar. Ya fasa, ya zuba 1 da 2 da 3, ya ɓoye mini 4. Na kasa taɓa ta. Can tsakiyar wasa lamba 9 ta samu a jikin gefe, doguwar hanya, farar kuma in ta gudu za ta shige cikin tarin manyan lambobi. Na ji kamar ana cewa a bayana kada in doka, in tura. Na tura. Tara ta bi gefe a hankali har ta faɗa, farar ta matsa taku ɗaya ta tsaya cak tana kallon 10. Dattijon ya buga gindin sanda a ƙasa sau biyu, haka suke yabo. Shi ya ci wasan, ya kai 61 ina da 34, amma ya riƙe hannuna ya ce wannan bugun na 9 ba nawa ba ne, wani ya koya mini, waye?

Na faɗa masa. Na ce tela ne, bahago, ya ci gasar unguwanni sau uku, ya rasu shekarun baya, ko hotonsa yana riƙe da sanda babu. Ya sa na maimaita sunan har ya iya faɗa daidai, ya juya ya gaya wa sauran da harshensu, na ga suna gyaɗa kai. Ya tambayi yadda yake ɗora hannu a kan kyalle, na nuna masa, yaron mai silifas ya matso yana kwaikwayo da hagunsa.

Ruwa ya tsagaita gab da magariba. Na biya teburin, na sayi lemo na raba wa yaran, muka fito muna tsallake kududdufai har bakin titi. Da muka naɗe cikin akwatin babur ɗin, ɗana ya yi shiru har muka wuce kasuwa, sannan ya ce, "Baffa, telan nan, ba shi ne mai shago kusa da gidan Kaka ba, wanda ya ɗinka mana kayan Sallah muna yara?" Na ce shi ne. Ya ce, "Rediyon nan da yake hana mu taɓawa?" Na ce shi ne na gasar farko. Ya gyara zama ya ce in faro masa daga ranar da aka kawo teburin, na kuwa faro, mai babur yana ta kauce wa ramuka.